Man Ko-ta-kwana

A Bakori ba mai kiransa da sunansa na yanka. Kyaftin ake ce masa, tun daga tsofaffin da suka yi makarantar allo tare da shi har yaran da aka haifa bayan ya ajiye aiki, waɗanda ba su taɓa ganinsa da hular matuƙa ba. Ni ma haka zan kira shi a nan, don iyalinsa ba su saba a sa sunansu a takarda ba. Abokin wasan ƙasar mahaifina ne, ya girme ni da shekara talatin da biyar, amma duk inda ya gabatar da ni sai ya ce, "Ga abokina," ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Baba ke nan." Ya rasu a daminar 2023, a kan gadonsa, a garin da aka haife shi. Wannan ma ya ba wasu mamaki, domin tun yana saurayi garin ya gama yanke hukunci cewa ba a ƙasa ajalinsa yake ba.

Abin da ya bar mini shi ne littattafansa na aiki. Kowane matuƙin jirgin sama yana da irinsu: duk tashin da ya yi sai ya rubuta layi guda, da kwanan wata, da nau'in jirgin, da lambarsa, da inda ya tashi, da inda ya sauka, da awoyin da ya yi da rana da waɗanda ya yi da dare, sannan a ƙarshen layin akwai ɗan fili na ƙarin bayani. Ya ce wa Hajiya, matarsa, a ba ni su, wai ni na san abin da ake yi da lissafi. Ni kuwa sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma mai irin sana'ata idan ya ga layuka da ginshiƙai hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Na yi watanni ina shigar da su cikin rumbun bayanai, layi bayan layi, da daddare bayan na tashi aiki.

Na shiga aikin ne ina zaton zan ga mutumin da ake ba da labarinsa a majalisar ƙofar gidanmu, wato marar tsoro, wanda ya ratsa teku shi kaɗai. Yana ciki kuwa. Amma da na gama na fara jera bayanan, sai na ga wani abu da ba a taɓa faɗa a majalisa ba. A filin ƙarin bayanin nan, abin da ya fi maimaituwa shi ne ya koma. Ya tashi, ya ga yanayi bai yi masa ba, ya juyo. Ya nufi gari kaza, hazo ya rufe, ya sauka a wani garin. Akwai ranakun da awoyin da ya rubuta ba su kai rabin awa ba, an tashi daga Kano an sauka a Kano. Mutumin da garinmu ya ɗauka ba ya jin tsoron komai, ashe a tsawon aikinsa babu abin da ya ƙware a kai kamar fasa tafiya.

Mahaifinsa manomin auduga ne, irin mutanen da a da suke kai amfaninsu kasuwar auduga a auna, daga nan a wuce da ita injin gurza a Funtuwa. Da auduga aka biya masa makaranta har ya je sakandare a Zariya, a can kuma ya gamu da abin da ya raba shi da gona. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, a kan hanyar Sakkwato, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙananan jiragen ɗalibai suna yini suna kewaya garin, su taɓa ƙasa su sake tashi. Ya ce ranar da ba karatu da ƙafa yake zuwa bakin wayar filin, ya tsaya har rana ta yi sanyi.

Lokacin da ya zaɓa ya faɗa wa iyayensa burinsa bai yi masa daɗi ba. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya ɗebo alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano cikin hazo, mutum 176 suka rasu. Babu gidan da labarin bai shiga ba a ƙasar Hausa. A cikin wannan shekarar ne yaro ɗan goma sha takwas ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce shi jirgin sama yake so ya tuƙa. Ya ce ba ta yi faɗa ba, ta dai tashi ta shiga ɗaki, ta yi kwana uku ba ta ce masa komai ba. Kakansa na wajen uwa ne ya raba gardamar. Tsohon ya je Makka a ƙasa, ta Cadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya yana aikin ƙodago yana gaba, ya binne abokan tafiya a garuruwan da ba ya iya tuna sunayensu. Ya ce wa 'yarsa shi ya ga mutuwar hanya da idonsa, kuma bai ga ta zaɓi sama ta bar ƙasa ba.

Kyaftin yana son tarihin sana'arsa, musamman labarin jiragen farko da suka sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. Abin da ke burge shi a labarin ba matuƙan ba ne. Cewa yake, kafin su taso sai da wani ya riga su ya kai mai ya ajiye a kowane zango. "Abokina, wanda ya ɗauki garwar man nan shi ne gwani, amma ba wanda ya rubuta sunansa."

Aiki iri uku ya yi a sama. Wanda ya fi daɗewa a ciki shi ne jigilar fasinja, har da aikin Hajji, kuma shi ne wanda bai cika ba da labarinsa ba, don a ganinsa tafiyar da aka yi daidai ba ta da labari. Abin da nake ji daga bakin wasu shi ne, idan ya kwaso alhazan karkara, bayan an yi sanarwa da Turanci sai ya karɓi abin magana ya sake yi da Hausa irin ta gida. Ya gaya musu jirgin zai yi ɗan rawa nan gaba kaɗan, kamar mota a kan gargada, kada kowa ya damu. Wata tsohuwa a unguwarmu har ta rasu tana cewa ɗan wance ne ya kai ta Makka, kuma da ta ji muryarsa ne ta saki kujerar da ta ƙanƙame tun daga Kano.

Na biyu shi ne feshin tsuntsaye. Duk manomin gero da dawa da shinkafa ya san jan-baki, ɗan tsuntsun nan da bai kai cikin tafin hannu ba amma yake zuwa da miliyoyi. Kowane guda yana cin abin da ya kai giram 10 na hatsi a rana, sai ka lissafa garken da ya rufe rana. Ba a iya fesa musu magani da rana don a warwatse suke. Sai an bi su an gano makwancinsu a cikin kaba ko ƙaya ko ciyawar fadama, a jira almuru lokacin da suke dawowa kwana, sannan jirgi ya zo ƙasa-ƙasa, ya wuce ta kansu. Wato a daidai lokacin da haske ke ƙarewa, a tsayin da bai wuce na bishiya da yawa ba, a cikin tsuntsayen da za su iya toshe injin. Ya yi wannan aikin damina da dama a fadamun Haɗeja da wajen Kebbi. Na taɓa tambayarsa me ya kai shi, ga shi yana da aikin da ake sa kwat. Ya ce shi ɗan manomi ne, ya san yadda uba yake kallon gonar da aka cinye kwana goma kafin girbi. Daga baya ya ƙara da cewa, kuma yana da daɗi. Ina ganin amsa ta biyun ta fi ta farkon nauyi, shi ma bai ɓoye ba.

Na ukun shi ne wanda ya sa masa suna a majalisa. Idan wani ya sayi ƙaramin jirgi mai inji ɗaya a Amurka yana son a kawo masa Afirka, ko dai a kwance shi a loda a jirgin ruwa, ko a sami wanda zai tuƙo shi. Irin wannan jirgin ba zai iya ratsa Tekun Atilantika kai tsaye ba, sai a bi da shi ta can arewa, zango-zango: daga Goose Bay a Kanada zuwa Narsarsuaq a Girinlan, zuwa Aisilan, zuwa arewacin Sikotlan, sannan a gangaro ta Faransa da Sifen, a ratsa Sahara ta Tamanrasset da Agadas, a faɗo Kano. Zangon farko kaɗai ya haura kilomita 1,200, kusan duka a kan ruwan da idan mutum ya faɗa ciki sanyi zai gama da shi cikin ɗan lokaci. Ana cire kujerun baya a sa ƙarin tankin mai a cikin ɗakin, matuƙi ya sa wata rigar roba da ta rufe shi daga ƙafa har wuya, ya zauna awoyi yana sauraron inji guda ɗaya. Filin Narsarsuaq kuma a ƙuryar wani dogon lungun ruwa yake, tsakanin duwatsu, idan gajimare ya sauko ba a ganin hanya.

Ya ce a can ne ya fara ganin ranar da ta ƙi faɗuwa, ya rasa yadda zai yi da Magariba da Isha'i, sai da ya dawo ya tambayi malaminsa a Funtuwa. Malamin ya yi shiru, ya ce ya ba shi mako guda ya duba littattafai, ya kuma roƙe shi ya daina zuwa wuraren da suke wahalar da malamai.

A littafinsa na ga tafiya guda da ya yi kwana shida a Goose Bay bai tashi ba. Babu wani bayani sai kalmar iska, sau shida. Na tuna ya taɓa ba ni labarinta. Mai jirgin yana ta bugo waya daga gida yana faɗa, kuɗin masauki yana hawa, wasu matuƙan suna tashi suna wucewa. Shi kuwa kullum da asuba sai ya karɓi rahoton yanayi, ya zauna da fensir, ya lissafa iskar da za ta tare shi ta gaba, ya ga man da zai rage masa idan ya isa ya tarar filin a rufe. Lissafin bai fita ba sai a rana ta bakwai.

Doka ce a sana'arsu, ba ra'ayi ba. Jirgi ba ya tashi da man da zai kai shi inda za shi kawai. Sai an ƙara wanda zai kai shi wani filin idan na farkon ya ƙi, sannan a ƙara wani a kai wanda ba a sa ran taɓawa ko kaɗan: na minti 45 ga jirgi mai injin fistin, na minti 30 ga mai injin jet. Wannan na ƙarshen shi Kyaftin yake kira man ko-ta-kwana. Yana cewa duk matuƙin da ya sauka ya ci daga cikinsa, ko da lafiya ya sauka, ya riga ya yi hatsari, Allah ne ya rufa masa asiri.

Da wannan ya raine ni, ba da wa'azi ba, da wasa. A wajen 2004, ina sakandare, ya dawo daga wata tafiya da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ya miƙo mini a zauren gidanmu kamar wanda ya ba da goro. A cikinta akwai manhajar Flight Simulator, wadda ake koyon tuƙi da ita a kan allo. Wuta ba ta zama, batirin ya gaji, don haka a shagon wani mai janareta nake kai ta caji. Duk sanda ya zo gari sai ya zauna kusa da ni a kan tabarma, ya hana ni tashi sai na karanta takardar dubawa da ƙarfi, abu bayan abu: birki, mai, fuka-fukai, na'urori. In na yi tsalle na bar guda sai ya rufe kwamfutar ya ce fasinjojina sun mutu, a sake. Ya ba ni asalin takardar: a 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi a Amurka wajen gwaji, a hannun ƙwararrun matuƙa, don an manta ba a cire makullin da ke riƙe fuka-fukan jela ba. Daga nan aka gane jirgi ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, komai gwanintarsa.

Ban zama matuƙi ba. Abin da ya ja ni shi ne son sanin yadda aka yi allon ya san iska, wannan tambayar ce ta kai ni karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello. Shekara biyu daga cikin huɗun shi ya biya, lokacin da auduga ta daina riƙe gida kuma mahaifina ya shiga matsi. Ban sani ba sai bayan na gama. Har yau kafin in saki sabon aiki ga masu amfani da shi sai na bi jerin dubawata, ina kuma da kwafin ajiya a wuri biyu, abokan aikina suna yi mini dariya suna cewa na cika tsoro.

A watan Maris na 2019, bayan jirgin Itofiya ƙirar 737 MAX ya faɗi da mutum 157, wata biyar bayan irinsa ya faɗi a Indonisiya da 189, ya bugo mini waya. Bai ko tsaya gaisuwa sosai ba. Ya ji ana cewa wata manhaja ce take danna hancin jirgin ƙasa, kuma da bayanin na'urar awo guda ɗaya take aiki, alhali jirgin yana da biyu. Ya ce, "Abokina, ku ne ko? 'Yan sana'arku ne suka rubuta wannan?" Na ce, "Baba, irinmu ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mai shaida ɗaya ko a kotun alkali ba a yanke hukunci da shi." Ya sa na yi masa bayanin yadda ake gwada manhaja, na yi, ya saurara har ƙarshe. Tambayar da ya rufe da ita ita ce ko wanda ya rubuta yana shiga jirgin. Na ce ba dole ba ne. Ya ce to a nan bambancinmu yake.

Wannan mutumin, mai lissafin kowace lita, shi ne kuma wanda bai taɓa ajiye ko-ta-kwana a aljihunsa ba. Abin da ya sa nake rubutun nan ke nan, don na kasa haɗa biyun.

Kyautarsa ba irin ta masu kuɗin da ake yi wa layi a ƙofar gida ba ce. Ba shi ma da irin wannan kuɗin, albashi ne da ladan tafiye-tafiye. Amma ba ya iya jin matsala ya wuce. Kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, taki a farkon damina, keken ɗinki ga bazawara, kuɗin mota ga wanda aka kira neman aiki a Kaduna. Idan ya dawo daga tafiya akwatinsa a zaure ake buɗe shi, kafin ya shiga cikin gida ya zama fanko. Ya kawo wa wani makaho agogo mai magana, ya kawo wa limaminmu tabarau har guda biyar don bai san lambar idonsa ba. Bashi kuma idan ya bayar ba ya rubutawa. Mutumin da ya rubuta tashi na minti goma sha biyu a littafi, bai taɓa rubuta wa ya ranta wa nawa ba.

Hajiya ta yi magana har ta gaji. Na taɓa jin ta daga tsakar gida tana cewa, "Alhaji, yau da gobe fa sai Allah." Ya ce ai shi ya sa. Ta ce ba haka take nufi ba, shi ma ya sani. Kamfanin da ya fi daɗewa yana yi wa aiki ya rufe ba tare da ya sallami ma'aikatansa yadda ya kamata ba, abin da ya samu daga baya bai taka kara ya karya ba. Abin da ya rage masa da ya dawo Bakori gaba ɗaya shi ne gida guda a Kaduna da yake karɓar haya, da gonar gado da ke yamma da gari, wajen daji.

Ya koma gonar da zumuɗin yaro. Masara yake nomawa, yana auna ruwan sama da wani gwangwani da ya kafa a tsakar gida, yana zuwa Samaru neman iri. Yana tsayawa a bakin kunya ya kalli gabas ya ce wa 'yan ƙodago su tattara, ruwa zai sauko kafin La'asar, kuma ya sauko. Shekarun nan su ne na fi ganinsa cikin natsuwa.

Sai abin da ya sami yankinmu ya same shi. Ba sai na ba mai karatu labarin 'yan bindiga ba. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara, maƙwabtanmu. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Bakori da Funtuwa da Malumfashi, na tattara kwamfutata na koma Zariya don aikina ba ya yiwuwa ba intanet. Shi ya zauna. Da na zo duba shi sai na tarar ya daina zuwa gona. Na yi zaton ƙafa ce. Ya ce ba ƙafa ba ce, lissafi ne. Ya ce iska tana da rahoto, hazo yana da ma'auni, injin ma kafin ya mutu yakan yi gargaɗi ga mai kunne. Amma yaro ɗan shekara sha bakwai da bindiga a bayan masara ba shi da rahoto. "Abin da ba zan iya lissafawa ba, ba na tashi a cikinsa." Wanda ya ratsa Girinlan da inji ɗaya, tafiyar da ba ta kai ta rabin awa a babur ba ta gagare shi. Wasu a majalisa suka ce Kyaftin ya tsufa, tsoro ya kama shi. Ni da na ga littattafansa daga baya na san ba sabon hali ba ne.

A wannan lokacin ne kyautar tasa ta sauya kama. Da taki ne da kuɗin makaranta, yanzu kuɗin fansa ne. A ɗauke mutum, a bugo waya, dangi su bi gida-gida da kwano. Ba a ƙetare ƙofarsa, don an san ba a fitowa hannu rabbana. Da aka ɗauke matar wani maƙwabcinsa da 'ya'yanta biyu, aka sayar da shanu da hatsi kuɗi bai cika ba, wa'adi yana matsowa, sai ya tafi Kaduna ya sayar da gidan. Bai yi shawara da kowa ba. An sako su bayan mako uku.

Shekara guda da wani abu bayan nan ciwon ƙoda ya kama shi. Wankin ƙoda sau biyu a mako ake so, kowane zuwa da kuɗinsa, ga kuɗin mota zuwa asibiti, ga hanyar da ba a bi da yamma. Waɗanda ya taimaka wa wasu sun zo, kuma sun yi iya ƙoƙarinsu. Maƙwabcin nan ya sayar da babur ɗinsa. Mu da ya biya wa makaranta muka buɗe zaure a WhatsApp muna haɗawa duk wata. Wasu kuma da ake ganin sun fi kowa hali ba su ko ɗaga waya ba. Abin da aka tara ya riƙe shi watanni, daga sau biyu a mako aka koma sau ɗaya, daga baya shi da kansa ya ce a bari.

Ranar sadakar uku babbar 'yarsa ta tare ni a soro. Ƙanwa nake ɗaukarta, tare muka taso. Ba kuka take yi ba. Ta ce, "Yaya, kowa yana ta cewa Baba mutumin kirki ne. To mutumin kirki ne. Amma da gidan Kaduna yana nan da yanzu yana da rai." Ban ba ta amsa ba, kuma har yanzu ba ni da wadda zan ba ta. Ba ta yi ƙarya ba. Ni kuma ina cikin waɗanda suka ci kuɗin da ya kamata ya zama nasu. Digirin da nake ci da shi, wani ɓangarensa daga man ko-ta-kwanan gidansu aka zuba shi.

Na yi ta juya abin. Da farko na ɗauka sakaci ne, irin na mutanen da suke da tsari a wurin aiki amma a gida ba su da shi. Ban yarda da wannan ba yanzu, domin ya san abin da yake yi. Ya san shekarunsa, ya san hawan jininsa, ya san gidan nan shi ne na ƙarshe. Wanda ya zauna kwana shida a Goose Bay yana gardama da fensir ba zai sayar da gida bai lissafa ba. Abin da na fi zato shi ne ya yi lissafin, sai dai bai sa kansa a wurin da mu muke sa shi ba. A jirgi, man ajiyar ba don matuƙi ake ɗaukarsa ba, don waɗanda ke zaune a baya ne. Ina ganin a ransa shi ne garwar da aka kai zango aka ajiye, kuma da aka zo nema ya ga ranar amfaninta ce ta zo. Ko da hakan ne, akwai wasu fasinjojin a cikin gidansa, Hajiya da 'ya'ya biyar, su ma a bayansa suke zaune, kuma ba a tambaye su ba. Yara biyun da aka fanso ina ganinsu suna wucewa makaranta da safe. Autarsa kuma ta ajiye karatun jinya da ta fara, sai bana muka samu ta koma. Ban san ma'aunin da zan ɗora waɗannan biyun a kai ba, ban kuma yarda da duk wanda ya ce mini abu ne mai sauƙi ba, ko ta wane ɓangare ya tsaya.

Sau ɗaya na kusa tambayarsa. Muna dawowa daga asibiti, yana kwance a kujerar baya, muka wuto Funtuwa muka kama hanyar gida. Na ce, "Baba, gidan nan na Kaduna." Ya ce, "Na'am." Na rasa yadda zan ƙarasa. Ya ɗago ya leƙa ta taga, ya ga hadari ya haɗo ta gabas, ya ce wa direba ya ƙara wuta kaɗan, muna da kamar minti ashirin. Muna shiga gari aka fara yayyafi.

Gonar tana nan, ba a sayar ba, Hajiya ta hana. Shekara biyu ta yi a kwance. Bana wani ɗan'uwansu ya karɓa ya noma gefen da ya fi kusa da titi, ya bar na wajen dajin. Bai sa masara ba, waken suya ya shuka, don ba ya cin taki sosai, kuma ba ya tsayin da zai ɓoye mutum.